Tsara Maƙalar Bincike a Kan Koyar da Turanci: Daga Ajin Bungudu Zuwa Shafin Mujalla

Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan yadda ake tsara maƙalar bincike da yadda ake rubuta ta, a fannin koyar da harshen Turanci, tare da ɗaukar misalai daga makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu. Watakila wani ya ce ai wannan sha'anin malaman jami'a ne, babu ruwan ɗalibi ko ma'aikacin ofis da shi. To amma in an duba da kyau za a ga abin ya shafi kowa. Yaron da ya gama sakandare bai sami kiredit a Turanci ba, ko a jarrabawar WAEC ko a ta NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, kome ƙoƙarinsa a sauran darussa. Saboda haka duk abin da zai kyautata koyar da wannan harshe ya shafi makomar yaro, ya kuma shafi aljihun mahaifinsa.

Har wa yau akwai wani dalili. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sa'an nan a koma Turanci a tsakiyar firamare. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan tsari ya game shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke shi, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masana harshe da dama sun musa wannan hujja. Kowane ɓangare shaida yake nema, shaidar kuwa tana cikin aji, a bakin yara da littattafansu na rubutu. Maƙalar bincike ita ce hanyar da ake ɗauko wannan shaida daga aji a kai ta gaban masu yanke hukunci. Idan malaman Zamfara ba su rubuta abin da ke faruwa a ajinsu ba, da labarin ajin wani za a riƙa yi musu doka.

Ba a rasa ma'aikatan wannan aiki ba. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, tana da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha a Gusau wadda ke horar da malamai mata, da Kwalejin Ilmi ta Jiha a Maru. Kowace shekara ɗalibansu suna fita gwajin koyarwa, suna kuma rubuta kundin kammala karatu. Abin da ake bukata shi ne tsari.

Tambaya ita ce tushe

Kuskuren farko da mai koyon bincike yakan yi shi ne ya zaɓi take kafin ya sami tambaya. Sai a ga ya rubuta a saman takarda cewa zai yi nazarin matsalolin koyar da Turanci a makarantun sakandare na Nijeriya. Wannan take ya fi ƙarfin mutum guda, kuma amsarsa sananniya ce tun kafin a fara: ƙarancin malamai, ƙarancin littattafai, cunkoso a aji. An sha rubuta wannan, mai karatu ba zai ƙaru da kome ba.

Tambaya mai kyau ƙarama ce, tana da iyaka, kuma mai yin ta bai san amsarta ba. Ga misali daga furuci. Sanannen abu ne cewa Bahaushe mai koyon Turanci yakan haɗa sautin p da na f, har kalmomin "pan" da "fan" su fito iri ɗaya a bakinsa, domin a Hausa waɗannan sautuka biyu ba sa bambanta ma'ana. To amma yawancin bayanin da ake yi a kan haka an gina shi ne a kan daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da Kananci. A karin harshen yamma, wanda Zamfara take ciki, inda Bakano zai ce fari sai a ji hwari, inda zai ce tafi sai a ji tahi. Ashe ke nan yaron Tsafe da yaron Kano ba daga wuri ɗaya suke tasowa ba sa'ad da suka fuskanci f ta Turanci. Bugu da ƙari, a ƙasar Bungudu akwai yaran da Fulatanci ne harshensu na farko, Fulatanci kuwa yana da p yana da f, kowanne da zamansa. Daga nan sai tambaya ta fito: a aji huɗu na firamare guda a Bungudu, shin yaran da suka tashi da Hausa da waɗanda suka tashi da Fulatanci kuskure iri ɗaya suke yi wajen furta p da f, ko kuwa sun bambanta? Wannan tambaya malami guda zai iya amsa ta cikin zango guda, da wayar hannu mai naɗar murya da jerin kalmomi 20.

Haka yake a nahawu. A Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace, mota ita ce, gida shi ne. Fulatanci kuwa wakilin suna guda yake amfani da shi ga namiji da mace. Malamin da ya tattara rubutun ɗalibansa ya ƙirga inda suka yi amfani da "he" da "she" da "it", zai iya gano ko harshen gida yana da hannu a kuskuren ko ba shi da shi. Kafin a ci gaba da kowace tambaya ya kamata a auna ta da ma'auni uku. Za a iya amsa ta da kayan da ke hannu? An riga an amsa ta a wannan wuri? In an amsa ta, akwai malamin da zai sake wani abu a darasinsa saboda amsar? Tambayar da ta faɗi a ma'auni na uku ba ta cancanci wahalar ba.

Sanin abin da magabata suka yi

Bayan tambaya sai karatu. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan ɗabi'a, domin 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ta shahara da malamai tun kafin jihadi, kuma al'adar malaman zaure ce mutum ya faɗi wurin wanda ya ɗauko karatunsa. Mai rubuta maƙala ma haka ake nema gare shi.

A misalin da aka kawo, akwai ayyukan da ba a tsallake su. A 1957 Robert Lado ya kawo ra'ayin cewa in an kwatanta harshen ɗalibi da harshen da yake koyo, za a iya hango inda zai sha wahala. A 1967 Pit Corder ya nuna cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta matakin da ya kai a koyo, ya kuma raba tsakanin kuskuren da ke maimaituwa saboda rashin sanin ƙa'ida da tuntuɓen harshe na ɗan lokaci. A 1972 Larry Selinker ya yi bayanin cewa mai koyo yana gina wa kansa wani harshe na tsaka-tsaki mai ƙa'idojinsa, wanda ba duk abin da ke cikinsa ne ya fito daga harshen uwa ba. A gida kuwa, Munzali Jibril ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta ta Ingila a 1982 a kan bambancin furucin Turanci a Nijeriya, har da na Hausawa. Wanda kuma tambayarsa ta shafi harshen koyarwa, lalle ne ya san gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekaru 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, aka kuma tarar ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba.

Abin lura a nan shi ne yadda ake amfani da waɗannan ayyuka. Sau da yawa akan ga sashen bita ya zama jerin gwano, wane ya ce, wane ma ya ce, babu abin da ya haɗa su. Amfanin bita shi ne a nuna inda magabata suka tsaya, domin a san inda za a ɗora. Sai a ce, misali, Lado zai sa a yi tsammanin yaron Fulani ba zai sha wahalar p ba, Selinker kuwa zai sa a yi shakka, tun da yaron yana zaune cikin Hausawa yana kuma jin Turancin malaminsa Bahaushe. Wannan saɓani shi ne ƙofar da sabon bincike zai shiga. Kuma kada mutum ya ambaci littafin da bai karanta ba. In a cikin aikin wani ya tsinci maganar, sai ya faɗi haka.

Tsara aikin kafin a fita

Kafin a shiga aji, sai a rubuta tsarin aikin a takarda guda: su wane ne za a nazarta, su nawa ne, ta yaya aka zaɓe su, me za a tattara, yaushe, kuma yaya za a ƙirga shi. Yawancin maƙalun da ke lalacewa a nan suke lalacewa, domin abin da ba a tattara ba a lokacinsa ba ya samuwa ranar rubutu.

An saba da raba takardar tambayoyi, ana neman malamai su nuna sun yarda ko ba su yarda ba. Wannan hanya tana da sauƙi, amma ra'ayin mutane kawai take aunawa. In ana son a san yadda yaro yake furta kalma, muryarsa za a naɗa. In ana son a san harshen da malami yake koyarwa da shi, zama za a yi a bayan aji da agogo, a rubuta mintin da ya yi yana Hausa da mintin da ya yi yana Turanci, domin abin da mutum ya ce yana yi da abin da yake yi ba kullum suke daidaita ba. In kuwa wata sabuwar dabarar koyarwa ake gwadawa, wajibi ne a auna yara kafin a fara da bayan an gama, a kuma sami wani aji da ba a yi masa dabarar ba don a kwatanta. In babu wannan, ba za a san ko dabarar ce ta yi aiki ko kuwa yaran ne suka ƙara wata uku na karatu ba.

Sa'an nan akwai izini. Makarantar firamare tana ƙarƙashin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, don haka takarda za a rubuta musu, a gaida hedimasta a yi masa bayani, a sanar da iyaye. Ba a sa sunan yaro a maƙala, lamba ake ba shi.

Ba zai yiwu a yi maganar tsara bincike a Zamfara a rufe ido ga halin tsaro ba. A watan Fabrairu na 2021 an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekara aka rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A watan Satumba na 2023 an ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya daga masaukinsu a Sabon Gida. Mai bincike ya ɗauki darussa daga nan. Ya tsara aikin da zai ƙare cikin makonni kaɗan, ya tanadi makaranta ta biyu ko da ta farko za ta rufe, ya yi aiki tare da malamin da ke zaune a garin maimakon yawan zirga-zirga a hanya, ya kuma ɓoye sunan ƙauyen in ambatonsa zai jawo wa mutane fitina. In aikin ya yanke a tsakiya, sai ya faɗi haka a maƙalar. Abin da ba ya halatta ko kaɗan shi ne ya zauna a Gusau ya cika takardun da hannunsa ya ce daga ƙauyukan Tsafe suka fito. Alƙaluman ƙarya sun fi rashin alƙaluma sharri, domin wata rana wani jami'i zai gina shawara a kansu.

Sassan maƙala da yadda ake bin su

Maƙalar bincike tana da sassa sanannu: take, tsakure, gabatarwa tare da bita, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa, kammalawa, da manazarta. Haka mai karatu yake tarar da su, amma ba haka ake rubuta su ba. Ya fi sauƙi a fara da hanyar bincike, tun da labarin abin da aka yi ne, kuma ma'auninsa shi ne wani malami a Ƙauran Namoda ya iya maimaita aikin daga abin da ya karanta ba tare da ya tambayi kowa ba. Daga nan sai sakamako, inda ake kawo abin da aka samu cikin jadawali ɗaya ko biyu, ba tare da sharhi ba. In yara 40 aka nazarta, a faɗi adadin tare da kason cikin ɗari, kada kaso ya ɓoye ƙanƙantar adadin.

Tattaunawa ita ce inda marubuci yake faɗin ma'anar abin da ya samu, ya koma ga magabatan da ya ambata ya nuna wanda sakamakon ya goyi baya da wanda ya saɓa wa. A nan ake bukatar kamun kai. Wanda ya nazarci aji guda a Bungudu, a kan aji guda a Bungudu yake da ikon magana. In sakamakon ya saɓa wa abin da ya yi tsammani, kada ya ji kunya, sau da yawa irin wannan ne ya fi amfani. Shawarwarin ƙarshe kuma su fito daga cikin sakamakon. Binciken furucin p da f bai ba marubuci hujjar ya ce gwamnati ta ƙara albashin malamai ba, ko da ƙarin ya dace.

Gabatarwa kusan a ƙarshe ake rubuta ta. John Swales, wanda ya nazarci gabatarwar maƙalu masu yawa, ya nuna a littafinsa na 1990 cewa marubuta sukan bi matakai uku: su nuna fagen da muhimmancinsa, su nuna giɓin da ya rage, sa'an nan su faɗi yadda aikinsu zai cike giɓin. Mataki na biyu shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa, alhali kuwa shi editan mujalla yake fara nema. Tsakure shi ne na ƙarshe duka. Yawancin mujallu suna neman kalmomi 150 zuwa 250, kuma dole ya ƙunshi sakamakon kansa, domin mutane da yawa iyakar abin da za su karanta ke nan.

Game da harshe, akwai masu zaton kwarjinin maƙala yana cikin manyan kalmomi. Gajeriyar jimla mai ma'ana guda ta fi doguwar da marubucinta ma ya ɓace a cikinta. Dabara mai amfani ita ce mutum ya gwada faɗin abin da ya gano da Hausa, cikin jimla biyu, ga wani malamin firamare. In ya kasa, matsalar tana cikin tunanin, gyaran Turanci ba zai warkar da ita ba. Kwafar maganar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, kuma akwai manhajojin kwamfuta da ke gano ta. Manhajojin da ke rubuta wa mutum rubutu kuwa an san su da ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su, saboda haka duk abin da mutum ya sa a manazarta ya tabbata ya gan shi da idonsa.

Zaɓen mujalla

Tun kafin a fara rubutu ya kamata a zaɓi mujalla, a karanta maƙalu uku ko huɗu daga cikinta, a bi ƙa'idarta ta tsawo da ta ambaton manazarta. Akwai tsofaffin mujallu na duniya, kamar ELT Journal da aka fara a Ingila a 1946 da TESOL Quarterly da aka fara a Amurka a 1967. Akwai na gida, na sassan jami'o'i da kwalejoji da ƙungiyoyin masana, kuma ana samun da yawa daga mujallun Afirka a dandalin AJOL na intanet, wanda aka fara a 1998. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa malaman manyan makarantu wajen bincike da buga mujallu.

Mujallar kirki takan aika da maƙala ga masana su duba ta, abin yakan ɗauki watanni, kuma da wuya ta dawo babu gyara. Wanda aka dawo masa da aikinsa kada ya yi fushi, ya bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, inda bai yarda ba ya faɗi dalilinsa cikin ladabi. Amma da yake ƙarin girman malamin jami'a ya rataya a kan yawan abin da ya buga, sai wasu 'yan kasuwa suka buɗe mujallun da ke buga kome cikin 'yan kwanaki in dai an biya. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan kafin ya rufe jerin nasa a 2017. Alamarsu ita ce gaggawa, da karɓar kowane fanni a mujalla guda, da rashin gyara ko na waƙafi. Wanda ya kai aikinsa can ya yi asarar kuɗinsa, aikin kuma ya shiga inda babu mai karanta shi.

Kammalawa

Ga ɗalibai, kundin kammala karatu shi ne maƙalar farko, in an tsara shi da tambaya ƙarama da bayanan gaskiya. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, rabonsu a wannan aiki babba ne. A ofisoshinsu ne rajistar makarantu da sakamakon jarrabawa na shekaru suke ajiye, su ne masu sa hannu a takardar izini, kuma su ne za su aiwatar da kowace manufa aka sauko da ita daga Abuja. Jami'in da ya buɗe wa mai bincike fayil yana da haƙƙin ya nemi a kawo masa sakamakon a shafi guda, da Hausa da Turanci, a kuma kai kwafi ga hedimastan makarantar da aka yi aikin.

Sanarwar 2025 ta buɗe tambayoyin da ba za a amsa su daga nesa ba. Da wane harshe malamin aji ɗaya a Tsafe yake magana da yaran da ba su taɓa jin Turanci a gida ba? Me suke fahimta a ƙarshen zango? In malamai goma a Gusau da Tsafe da Bungudu suka ɗauki aji ɗai-ɗai, suka bi hanya iri ɗaya, suka rubuta abin da suka gani ba ƙari ba ragi, ranar da za a sake zama a kan wannan manufa Zamfara za ta je da takarda a hannu.